Gidan da Za a Rubuta Sunana

Tokmok, 6 ga Mayu, 2003

Zuwa ga Satibaldi tayake, wato kawuna,

Assalamu alaikum. An ce a wajenku dabbobi ake fara tambaya kafin mutane, to ina fata tumaki da dawaki sun fita hunturu lafiya, sannan kai da iyalinka da mahaifinka, tsoho Orozbek. Ni lafiyata ƙalau, ban da haƙori guda da ke damuna, shi ma mun saba da juna.

Ba ka san ni ba. Sunana Kubat, ɗan Burul, 'yar wan mahaifinka, wadda ta tafi birni aikin masaƙa ta mutu a can ina ɗan shekara uku. Sunanka da na ƙauyenku na tsinta a fayil ɗina na gidan marayu, a wata takarda da aka rubuta "an tuntuɓi dangi." Abin da dangin suka ce ba a rubuta ba. Tunda na yi shekara goma sha uku a gidan, na cike gurbin da kaina.

Amma ba tone-tone ya kawo ni ba. Shekara biyu ke nan ina makarantar koyon sana'a, ina koyon walda. Ƙarshen Yuni za mu gama, ranar kuma za a soke sunana daga rajistar ɗakin kwana. Gwamnati ta ciyar da ni, ta tufatar da ni, ta koya mini haɗa ƙarfe da ƙarfe, ta manta abu guda: gidan da za a rubuta ni. Wanda ba shi da rajista a wani gida ba a ba shi fasfo, wanda ba shi da fasfo ba a ɗaukarsa aiki. Sunana yana jerin marayun da za a ba ɗaki. Na je na duba. Na farko a jerin ya fara furfura.

Akwai wani gareji a Bishkek da ake gyaran motocin bas. Babban mai waldarsu, Anarbek baike, wato yaya Anarbek, ya ga aikina, ya juya ƙarfen sau biyu ya ce, "Kai, wa ya koya maka?" Na ce yunwa. Ya ce zai riƙe mini gurbi zuwa ɗaya ga Agusta, in dai na kawo takardar rajista, ko fasfon bai fito ba. Har gado akwai a bayan garejin, sai dai gado ba gida ba ne a idon hukuma.

Roƙona shi ne maigida ya raka ni ofishin ƙauye ya sa hannu cewa ni ɗan gidan ne. Shi ke nan. Ko kwana guda ba zan yi muku ba.

Na karanta a wani tsohon littafi cewa ɗan 'yar'uwa, wato jeen, yana da ikon ya roƙi kawunsa sau uku ba a hana shi ba, ko da doki ne. Ban san inda zan ɗaure doki ba. Na haɗa ukun wuri guda, sa hannu ɗaya nake nema.

Jeen ɗinka, in ka yarda,
Kubat

Kara-Bulak, 21 ga Mayu

Kubat jeen,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kake raye. Ƙanƙarar Afrilu ta kashe mana 'yan raguna da dama, sauran suna nan. Tsoho gwiwa ta hana shi sakat, amma bakinsa lafiya lau. Haƙorin nan ka je a cire, kada ka yi abota da shi.

Rubutunka kamar mai karanta labarai a rediyo. Matata ta ce yaren namu a littafi ka koye shi, shi ya sa yake da sitati. Kuma littafin naka bai gaya maka ba, jeen ɗin da ke roƙon doki sai ya fara zuwa ya sha shayi an ga fuskarsa. Ba komai, ba laifinka ba ne.

Maganar waccan shekara. Ba zan yi maka ƙarya in ce ba mu ji ba. Mun ji. Ni lokacin dawowata ke nan daga soja, ba ni da baki a gidan. Iyakar abin da zan ce ke nan a takarda.

Gidan da sunan tsoho yake, shi zai sa hannu ba ni ba. Shi kuwa tsoron takarda yake fiye da tsoron kerkeci. Matata kuma ta kawo wata magana: lokacin da aka raba gonakin gwamnati, da kawunan mutanen gida aka raba, to wanda aka rubuta a gida yanzu ba zai tashi gobe ya ce a yanka masa nasa ba? Ni ban sani ba. Kai da kake kusa da masu ilimi ka tambaya.

Tsoho ba a yi masa gaggawa. Kamar goɗiya yake mai sabon ɗa, ta gefe ake zuwa masa. Da an gama askin tumaki za mu hau, can zan yi masa maganar, ransa ya fi sanyi a sama.

Allah ya yi maka albarka.
Satibaldi

Tokmok, 29 ga Mayu

Tayake,

Na ji daɗin amsarka, Allah ya mayar da abin da ƙanƙara ta ci, ya sassauta wa tsoho gwiwarsa. Haƙori yana gaishe ka.

Na je wajen Zinaida eje, wato yaya Zinaida, matar da aka ɗora wa neman mana makoma. Mu tamanin ne, ita kaɗai, da hatimi guda. Ta ce, "Ɗana, ni doka ban sani ba, kuka na sani." Sai na tafi laburare na yini. Ni karatu ba a aji na koye shi ba, a jaridun da ake liƙe tagogi da su lokacin sanyi na koya, saboda haka doka ba ta fi ƙarfina ba. Ga abin da na gano: rabon gona an gama shi tuntuni, rajista ba ta ba mutum ko taki guda na ƙasa, ba ta ba shi ko bulo guda na gida. Ka gaya wa matarka ta kwantar da hankalinta, dankalinta ya tsira daga gare ni. In ana so in rubuta da hannuna cewa ba ni da haƙƙin komai, zan rubuta, na ƙware a wannan fannin.

In hawan naku kwana biyu ne ko uku, ka yi masa maganar, ka sauko ka rubuto mini. Lokaci yana gudu.

Kubat

Tokmok, 14 ga Yuni

Tayake,

Ina fata kowa lafiya. Ni ma haka.

Ban ji daga gare ka ba. Ko takardata ta ɓace ne? Mun yi jarrabawar ƙarshe, ni na zo na ɗaya a walda. Mai duba aikin ya buga ƙarfena da guduma har sau biyar, ƙarfen ya lanƙwashe, ɗinkin bai buɗe ba.

Saura kwana goma sha shida a karɓe gadona. Kullum ina zuwa wajen maigadi in tambayi wasiƙa, har ya fara ce mini ango. Ko "a'a" ce ka rubuto, in san inda na tsaya.

Kubat

Tokmok, 1 ga Yuli

Satibaldi,

Gaisuwa ga tumaki. Su kaɗai ne a gidanku ba su yi mini komai ba.

Jiya aka sallame mu. Wani mai taye ya zo daga birni ya ce mu ne manyan gobe, aka miƙa mana takardar shaida da kwat ɗaya ɗaya, aka ɗauki hoto. Kafin mai hoton ya naɗe kayansa matar sito ta karɓe katifa. Ta ce, "Kubat, bargon ma na gwamnati ne." Na ce, "Eje, ni ma na gwamnati ne, a wace kanta za ki jera ni?" Ba ta yi dariya ba. Yanzu a ɗakin tukunyar ɗumama makaranta nake raɓe, maigadi ya kau da kai zuwa wani lokaci.

Kwana arba'in ba amsa. Na gane. Da ma shirun shi ne sana'ar gidanku, kun gaje shi. Da ka ce mini a'a tun farko da na girmama ka. Amma sai ka yi mini shayi da goɗiya da Allah ya yi albarka, ka aike ni laburare kamar kare da aka jefa wa sanda, kai kuwa ka koma ka zauna.

Ka gaya wa Orozbek, don ba zan ce masa ata, wato baba, ba, cewa na san abin da ya yi. An tuntuɓe shi a kan ɗan shekara uku, ya leƙa tukunyarsa ya ga ba za ta kai ba. Tumaki ɗari suna da wurin kwana a gidansa, jikan wansa ba shi da shi. Yau kuma tawada ma ta yi masa tsada. Wane irin dattijo ne wannan? A littattafai na karanta ana cewa mutanenmu ba sa barin maraya a waje. Wanda ya rubuta bai zo Kara-Bulak ba.

Bara na nemo kabarin uwata. Allon ƙarfe ne da lamba, ba suna, don babu ɗan'uwa ko ɗaya da ya zo ya karɓi gawarta. Ina roƙon Allah ranar da tsohon nan zai mutu a rasa mai tona masa rami, hukuma ta zo da mota ta kwashe shi, ta binne shi da lamba. In sun rasa mai yin allon, ni zan yi musu walda kyauta.

Ku riƙe gidanku.

Kubat ɗan Burul

Makiyayar Ak-Tash, 19 ga Yuni

Kubat jeen,

Assalamu alaikum daga kan dutse. Mun hau lafiya tun farkon wata, mun kafa bukkoki, ciyawa ta yi kyau bana, ana ta tatsar goɗiyoyi. Tsoho ya sha nonon ya warware, har faɗa yake da karnuka.

Nan babu gidan waya, kuma sai ƙarshen Satumba za mu sauka, kamar kowace shekara. Wannan takardar direban motar madara zan ba, ya jefa ta in ya kai gari. Allah ya sa kada ya manta ta a aljihu, ɗan banzan mantuwa ne. In ka rubuto tana can ƙauye a ajiye, maƙwabcinmu zai taho da ita in ya sauka sayen gishiri.

Albishirinka. Shekaranjiya na sami tsoho shi kaɗai a bakin bukka na ce, "Ata, ɗan Burul ya rubuto." Ya ajiye ƙoƙonsa. Ya ce, "Yana da rai?" Na ce, "Yana da rai, mai walda ne." Na gaya masa buƙatarka, na gaya masa maganar gona, na ce ban san amsarta ba tukuna. Ya ce, "Ko zai cinye gonar a rubuta shi. Sau ɗaya na ce a'a a kan yaron nan, har yau tana maƙale a wuyana." Ban taɓa jin ya ambaci abin ba sai ranar.

Saboda haka ranar sha biyar ga Yuli ka same mu a ofishin ƙauye da safe. Zan sauko da shi a kan doki, yini guda ne, gwiwa ko ba gwiwa ya ce zai zo. Ka taho da takardunka. Daga nan sai ka biyo mu sama ka sha shayin nan da ake binka. Na riga na cika wa mutane baki cewa muna da jeen mai ilimi a birni, kada ka ba ni kunya.

Kawunka,
Satibaldi

Tokmok, 4 ga Yuli

Tayake,

Ina fata kuna lafiya. Yanzun nan takardarka ta sha tara ga Yuni ta iso, duk ta yi maiƙo.

Don girman Allah, akwai wasiƙata ta ɗaya ga wata. Kada ka buɗe. Ka jefa ta a murhu. Ban san hawan naku na wata huɗu ba ne. Wallahi ban sani ba. A gidan marayu babu wanda ke hawa ko'ina, bazara da hunturu gado ɗaya ne. Na ɗauka kana gida kana ganin takarduna kana share ni.

Na buga waya gidan wayar ƙauyenku. Matar ta ce jiya da rana maƙwabcinku ya karɓi uku ya hau da su.

In ka riga ka karanta, ka bar ta a cikinka. Bakina ne, tun ina ƙarami shi ke jawo mini duka, don shi kaɗai ne makamin da ba a ƙwace mini ba. Kada tsoho ya ji. Zan zo ranar sha biyar.

Kubat

Kara-Bulak, 13 ga Yuli

Kubat,

Muna lafiya. Na sauko ni kaɗai in bar maka wannan a hannun matar gidan waya.

Takardunka sun iso ranar da layin yanka ya zo kanmu. A sama haka muke yi, kowane gida da ranarsa, ya yanka tunkiya maƙwabta su taru. Mazan bukka bakwai suna zaune, ga mata a bakin ƙofa. Da aka miƙo mini ambulan uku sai daɗi ya kwashe ni. Takardar nesa a wajenmu a bainar jama'a ake karanta ta, na kuwa so su ji irin jeen ɗin da nake faɗa. Na ba Doolot, tsohon malamin makaranta, na ce ya bi su da kwanan wata.

Ta farko aka yi ta dariya, wani ya ce, "Satibaldi, wannan ai lauya ne, ku ɓoye dankalinku." Ta biyu tsoho ya ɗaga yatsa ya ce, "Kun ji? Na ɗaya." Ta uku aka yi dariyar gaisuwar tumaki, aka yi ta bargo. Sai muryar Doolot ta fara ƙanƙancewa. Ya ninke takardar ya ce, "Sauran surutun 'yan birni ne." Tsoho ya ce, "Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Karanta." Ya karanta har sa hannunka.

Kan tunkiya yana gaban tsoho, wuƙa a hannunsa, zai raba wa mutane. Ya ajiye wuƙar. Can ya ce, "Yaron ya iya rubutu." Na ce, "Ata, yaro ne, bai sani ba." Ya ce, "Ya sani. Duk abin da ya faɗa a kan Burul haka ne. Amma tunda ya riga ya binne ni, matacce ba ya sa hannu." A gaban mutum ashirin ya faɗa. Naman nan haka aka kwashe shi da sanyi.

Na yi masa magana sau uku tun ranar. Ba ya amsawa.

Ina da nawa laifin. Na rubuta maka "za mu hau" kamar kowa ya san abin da ake nufi, na manta inda ka tashi. Kuma cika bakina ne ya sa aka karanta a taro.

Na tarar da takardarka ta huɗu ga wata a nan, na karanta a tsaye. Ba zan kai masa ba. Zagin da aka yi a gaban jama'a ba a wanke shi a cikin ambulan. Hanya ɗaya ce: in mun sauka ƙarshen Satumba ka zo da alkyabba, a tara mutanen nan da suka ji, ka yafa masa ita a kafaɗa, ka sunkuyar da kai ka nemi gafara. Ina jin zai karɓa. Kafin nan kada ka hau. 'Ya'yana jininsu ya hau, shi kuma ba zai janye magana cikin mako biyu mutane suna kallo ba.

Na san ɗaya ga Agusta ba ta jiran Satumba. Da na tsaya jibi na gaya maka da baki. Ba zan iya kallon fuskarka ba, gaskiyar ke nan.

Satibaldi

Bishkek, 9 ga Agusta

Tayake,

Ina fata dabbobi da mutane suna lafiya, da tsoho. Da gaske nake, har da shi. Ni ina nan.

Na zo ranar sha biyar. Na sa kwat ɗin gwamnati na zauna a matakalar ofis tun kafin a buɗe, duk kofaton da na ji sai in miƙe. Wajen azahar matar gidan waya ta leƙo ta ce, "Kai ne ɗan Burul? Goshinta ne sak." Ta ba ni takardarka, ta ba ni shayi, ta koma ciki don kada ta ga ina karantawa. Na nemi a nuna mini gidanku. Ƙofa shuɗiya, kwaɗo a jiki. Ƙyauren ya saki ta ƙasa, aikin minti goma ne da ina da wutar walda.

Ban ji maganarka ba, na kama hanyar dutse da ƙafa. Na yi tafiya har la'asar, na zauna a bakin rafi na tambayi kaina me zan ce in na isa. Duk abin da na tsara a raina, kafin ya kai ƙarshe sai ya koma faɗa. Na juyo.

Ɗaya ga wata na je wajen Anarbek baike. Ya ce, "Takarda?" Na ce babu. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ɗana, hannunka zinariya ne, amma masu bincike ba hannu suke dubawa ba." An ba wani ɗan ajinmu da gwaggonsa ta rubuta shi a gidanta. Waldarsa kamar kashin kaji, amma yana da adireshi.

Yanzu kura nake turawa a babbar kasuwa, nan ba a tambayar takarda. Mu 'yan gidan marayu muna da yawa a wurin, har da wanda ya koyi aikin lantarki da wanda ya koyi gini. In 'yan sanda suka shigo duba fasfo sai mu watse kamar kaji. Takardar shaidata tana cikin leda a ƙirjina, zufa ba ta taɓa ta.

Maganar Satumba ban sani ba. Wata safiyar in ce zan zo in sunkuya, tunda na yi masa mugun baki bayan ya riga ya ce to. Wata safiyar in ce shi wa zai yafa wa alkyabba a kan uwata? Ko ya sa hannu a Oktoba, gurbin ya tafi. Ka dai gaya masa addu'ar nan na janye ta. Wannan ba don takarda ba ne.

Kada ka wahalar da kanka da amsa. Ba fushi nake ba. Babu inda za a kawo ta.

Kubat